Yadda Ɗalibi Zai Ceto Aikin Bugun Zane Idan Shiri Ya Wargaje

Duk ɗalibin da ke koyon bugun zane a Zariya, musamman a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ya san ba kasafai aiki yake ƙarewa yadda aka tsara shi ba. Injin matse takarda yakan lalace, lino (wani falle mai kama da roba da ake sassaƙa zane a kansa) yakan gagari aljihu, wani lokaci kuma a rufe ɗakin aikin gaba ɗaya, kamar yadda yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata takwas a 2022. Idan haka ta faru, a riƙe zanen, a sauya hanyar buga shi, amma sai an sanar da malamin da ke duba aikin tukuna, domin shi zai ba da maki.

Rashin inji shi ne mafi sauƙin magani. Zanen da aka sassaƙa a lino ko katako yana buguwa da hannu: a shimfiɗa tawada a kan gilashi, a murza ta da rola har ta yi laushi, a shafa wa katakon, a ɗora takarda, sannan a goge bayanta da bayan cokali daga tsakiya zuwa gefe. Takardar ta zama mara kauri, kuma a riƙa ɗaga kusurwa ɗaya ana leƙawa yayin da ɗaya hannun ke danne sauran, don kada ta goce. Zanen da aka ci da asid a farantin ƙarfe kuwa ba ya fita sosai da cokali, saboda tawadarsa tana cikin ramuka ne, sai matsi mai ƙarfi ke zaƙulo ta.

Idan lino ne babu, filawud daga wurin kafinta ko robar da masu gyaran takalmi ke yin tafin takalmi da ita za su wadatar. Sai dai a nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure, domin sukan kwafe tsohon zanen yadda yake su ɗora a kan sabon abu. Filawud yana tsagewa idan aka yanka shi a gicciye, don haka siraran layuka ba sa tsira. Dole a sake zanen da manyan siffofi, kuma a fara zagaye layin da wuƙa mai kaifi kafin a kwashe cikinsa. A ganina, zane irin na dagi da ake yi a bangon gidajen birnin Zazzau ya fi kyau a katako, saboda zanen jikin itacen kansa yana fitowa a takarda. Wanda ba shi da kayan sassaƙa sai ya yanka kwali, ya liƙa shi da gam tare da yadi ko zare, ya shafe da fanish, ya bari ya bushe sarai kafin ya sa tawada. Ko wanne aka zaɓa, rubutu, na boko ko na ajami, sai an juya shi, don bugun yana fitowa a juye.

Farantin da ya lalace ma ba abin zubarwa ba ne. Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatu a Zariya kuma yana cikin ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa a 1958, asid ya taɓa cinye masa faranti a 1967; ya cike ramukan da gam mai tauri, daga nan ya samo salon bugun da ya shahara da shi. Saboda haka a buga gwaji ɗaya daga farantin kafin a yanke hukunci a kansa.

Idan lokaci ne ya ƙure, a rage launuka da girman takarda. Ana iya fitar da launi uku daga katako ɗaya, a fara da mafi haske, a ƙara sassaƙa, a buga na gaba a kansa. Amma tunda abin da aka sassaƙe ba ya dawowa, mai son kwafi 10 ya fara da 15. A kuma lura da yanayi: da hunturu tawadar ruwa tana bushewa a kan gilashi kafin a gama murzawa, da damina kuwa tawadar mai, irin wadda ake samu wurin masu ɗab'i a Sabon Gari, takan ɗauki kwanaki ba ta bushe ba, don haka kada a jera kwafin a kan juna. A adana tsohon zanen da duk gwaje-gwajen a miƙa su tare da aikin, kowane kwafi da lambarsa da fensir a ƙasa, misali 3/10, wato kwafi na uku cikin goma.