Darasi na 7: Kwance bindigar farauta ba tare da ɓatar da noti ba

To jama'a, yau maganar goge bindiga ce, ga maharban cikinmu masu lasisi. Kafin ka taɓa sukundireba ka tabbatar babu harsashi babu albarushi a ciki, ka juya bakinta bango, ka kori yara daga wajen.

Kada ka zauna a kan yashi, kada ka zauna a kan tabarma, ƙaramin noti in ya shige saƙar tabarma sai dai ka kwana kana karkaɗewa. Samu daɓen siminti ka shimfiɗa farin ƙyalle, fari na ce, saboda baƙin ƙarfe ya fi fitowa a kansa. Sai ka kawo kiret ɗin ƙwai wanda babu komai, ka rubuta lamba a ramukan, 1, 2, 3 har 10, ai mun koyi rubuta su a darasi na 2.

Yanzu ga wurin da kowa ke faɗuwa. Ka kwance noti na farko, ka sa shi a rami na 1. Nan take. Ba a aljihu ba, ba a baki ba, ba a kan cinya ba. Ka kwance na biyu, rami na 2. Hannunka kada ya koma kan bindiga sai notin ya shiga raminsa. Mu sake: kwance, sa a rami, sannan na gaba. Ba wuya, in ka yi sau uku hannu zai saba da kansa.

Amma wallahi wasunku sai an yi ta fama. Makon jiya ina tsaye wani dattijo, ba zan kama suna ba, ya riƙe noti a leɓe wai minti ɗaya ne, aka yi masa sallama ya amsa, shikenan noti ya faɗi ya gangara, muka share rabin awa mutum shida muna rarrafe kamar masu tsintar gero. Haba Baba! Ramin na gabanka fa. Kwance, sa a rami.

Sifirin kuma, wato murɗaɗɗiyar wayar nan ta ƙarfe, tsalle yake yi, don haka ka zura wajen da yake a jikin bindigar cikin farar leda babba ka cire shi a ciki, in ya yi tsalle ledar zata tare shi.

In abu ya faɗi kada ka tashi da sauri. Kwantar da tocila a ƙasa ta haska ta gefe, inuwarsa zata nuna shi. Ko ka ja maganaɗisun tsohuwar sifika a wajen, sai dai baya kama tagulla. In bai fito ba kada ka cusa ƙusa ko waya a madadinsa, kai wa maƙeri.

Darasi na 8: Mayarwa

Fara daga rami na ƙarshe ka dawo na 1. In noti ya rage a kiret, baka gama ba.

Darasi na 9: Ajiya

Shafa mai kaɗan, rataye inda yara basa kaiwa.