Babi na Shida: Bashin Ƙasa da Tukunyar Gidanka

Darasi na 1: Uwar kuɗi da kuɗin ruwa

Toh iyayena da 'yan uwana, kowa ya ƙirgo ƙwayar wake goma ya zuba gabansa kan tabarma. Goman nan ita ce uwar kuɗi, wato abin da ka karɓa hannu da hannu ranar da ka ci bashin. Wanda ya ba ka yace duk shekara zaka riƙa ba shi ƙwaya ɗaya ladan jiran da yake maka, ita wannan ɗayar sunanta kuɗin ruwa. Na san Baba zai ce ai wannan riba ce kuma haramun ce. Haka ne Baba, amma gwamnati da kuɗinmu take biyanta, dole mu iya lissafinta.

Ciro ƙwaya ɗaya daga aljihunka, kar ka taɓa goman can, ka miƙa. Nawa ake binka yanzu? Goma. Shekara ta zagayo, miƙa wata. Nawa ake binka? Goma dai, ba takwas ba. In ka ce takwas ba komai, kusan duk ajin da na koyar a nan ake tuntuɓe, mayar da waken ka sake a hankali. Kuɗin ruwa ba ya rage uwar kuɗi. Faɗa da bakinka. Hajiya ke ma faɗa, kar ki ji kunya, babu mai miki dariya.

Mu sake. Shekara goma kana miƙa ɗai ɗai, ka ba da goma kenan, nawa ake binka? Wanda yace an gama biya dan Allah ya duba tabarmarsa, waken nan goma yana nan ko ya tashi? Yana nan. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa, wasunku kuna can kuna hira a baya sannan gobe ku ce malam bai yi bayani ba. Kuɗin ruwa ba ya rage uwar kuɗi.

Darasi na 2: Ina ruwan talaka

Gwamnati ma haka take, tana tara kuɗi daga man fetur da haraji da kwastan, amma kafin ta sa magani a asibiti ko ta gyara rufin makaranta sai ta fara sallamar masu binta. A kasafin 2024 abin da gwamnatin tarayya ta ware wa biyan bashi ya haura naira tiriliyan 8, ya fi na ilimi da lafiya ko an haɗa su. Kaga in ka kai matarka haihuwa aka ce ka sayo safar hannu da allura da kanka, wani sashe na dalilin yana nan.

An taɓa sauke mana kayan. A 2005 zamanin Obasanjo, ƙasashen da ake kira Paris Club suna bin Najeriya wajen dala biliyan 30, suka yafe 18 muka biya 12. Yau bashin ya sake taruwa ya wuce naira tiriliyan 100. Tambaya: kuɗin ruwan da ake biya duk shekara ya rage shi? Duba tabarma.

Darasi na 3: Bashin dala

Wani bashin da dala aka ci, da dala za a biya. Farkon 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati wajen naira 460 ce, a 2024 ta kai 1,500. Ko sisi ba a ƙara karɓa ba amma nairar da za a nemo ta ninka sau uku. Rubuta lambobin biyu a littafinka.

Darasi na 4: Me aka yi da shi

Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 da bashin Sin aka gina shi, wannan ana ganinsa da ido. Ku tattauna a gida.

Ranar Laraba kowa ya dawo da wakensa, wanda aka dafa nasa ya nemo tsakuwa.