Yadda Makarantar Sakandare Za Ta Haɗa Kai da Masana'anta Don Nuna wa Ɗalibai Aikin Injiniya

Shirin SIWES na koyon aiki a masana'antu, wanda hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta ƙirƙiro a 1973, yana tura ɗaliban jami'o'i da kwalejojin fasaha wuraren aiki, sai dai yana tarar da su ne bayan sun riga sun zaɓi fanninsu. Wanda ya fi buƙatar ganin injiniya a bakin aiki shi ne ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, domin shi ne ke dab da yanke shawarar ko zai shiga ajin kimiyya.

Shugaban makaranta ya fara da abin da ke kusa da shi. A Kano, alal misali, ga masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, ga kuma matatar ruwa ta Tamburawa. Takarda kaɗai ba kasafai take buɗe ƙofa ba, don haka a bi ta hannun tsofaffin ɗalibai ko reshen Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, kuma a roƙi abu takamaimai: injiniya ɗaya, awa biyu, ɗalibai ashirin.

Malamin kimiyya ya riga yaran zuwa, su zauna da injiniyan su zaɓi aiki guda da za a bi daga farko har ƙarshe, domin zagaye ma'aikata duka cikin gaggawa kallo ne kawai. Idan matatar ruwa ce, a bi ruwan tun daga inda famfo ke jawo shi daga kogi jajur da laka, zuwa inda ake zuba masa alam har dattin ya dunƙule ya kwanta, sannan ya ratsa yashi, a sa masa kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. A kowane mataki injiniyan ya tambayi yaran abin da zai faru idan aka tsallake wannan matakin, ya kuma bar su su yi gardama kafin ya ba da amsa.

Wajibi ne a karɓi izinin iyaye a rubuce, kowa ya sa hular kwano da rufaffen takalmi, kuma kada yaro ya taɓa inji. Hijabi mai yalwa yana da haɗari kusa da bel mai juyawa, amma maganin wannan shi ne a tattare shi a ɗaure, bai kamata ya zama dalilin barin 'yan mata a aji ba. Ƙungiyar APWEN ta mata injiniyoyi za ta iya samar da wadda za ta raka su.

Bayan an dawo, ɗalibai su haɗa ƙaramar matata da tsakuwa da yashi da gawayi, injiniyan ya zo ya duba aikinsu, ya kuma bayyana musu cewa karatun digirin shekara 5 ne, kuma a jarrabawar JAMB galibi Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri ake nema.

A rubuta yarjejeniya, a ɗora ta a wuyan malami guda, a sanya ziyarar cikin jadawalin zango, yadda ko an yi wa shugaban makaranta canjin wurin aiki shirin ba zai tsaya ba.