Yadda ake awara mai laushi a gida

Salamu alaikum 'yan uwa mata na Tawa, yau awara za mu yi, irin wadda yara ke rububi bakin lakwal in an tashi.

Ki samu waken suya rabin tiya, ki tsince tsakuwa ki jiƙa. Da sanyi ya kwana cikin ruwa ba komi, amma da zafin nan namu awa 5 ko 6 ta isa, in ya wuce haka tsami zai yi tun kan a je inji. Ki wanke a kai niƙa, ki roƙi mai inji ya yi miki laushi sosai don nan madarar take. Ki ƙara ruwa ki tace da ƙyalle mai tsabta, dusar kuma kar ki zubar, tumaki na sonta.

Waken nan fa baƙo ne, 'yan Sin suka fara nomansa kuma su suka fara yin awara tun da daɗewa.  Najeriya Turawan mulkin mallaka suka gwada shi a 1908 bai yi ba, sai wajen 1937 ya karɓu a ƙasar Tibi, Binuwai, shi ya sa har yau yawancin wanda muke saye daga kudu yake zuwa.

To ki aza madarar a wuta, ki tsaya kanta don kumfa take ta zube miki. In ta tafasa ki rage wuta ki dinga zuba ruwan tsami kaɗan kaɗan, na gasarar koko da ya kwana ko na tsamiya ko lemun tsami, ni na gasara na fi so wallahi, alif kam yana sa ta tauri da ɗan bauri. Nan ne duk aikin yake, kar ki juye gaba ɗaya kuma kar ki yi ta motsawa, ki zuba ki jira, da kin ga ta dunƙule ruwan ya koma garai-garai sai ki tsaya haka nan.

Ki kwashe cikin ƙyalle, ki sa gishiri da albasa da tonka, ki ɗaure ki danne da dutse kamar awa guda, in ta daɗe sosai bushewa take. Ki yanka ki soya cikin mai mai zafi har ta yi ja, a ci da yaji da kabeji tun da zafinta.