Yadda za ki yi aiki da etil asitet a haɗin turare

Masu haɗa turaren fesawa da yawa suna sayen wannan ruwan saboda ƙamshinsa na 'ya'yan itace, mai zaƙi-zaƙi, sai su zuba shi da yawa turaren ya koma warin ruwan goge jan farce, kuma ba mamaki don dama da shi ake yin wanda babu sinadarin asiton a ciki. A jikin kwalba za ki ga an rubuta ethyl acetate. Daga etanol, wato alkohol ɗin da ake haɗa turaren fesawa da shi, da kuma sinadarin tsamin khal ake yin sa.

Kar ki zuba shi tsagwaronsa. Ki ɗauki sirinji ki auna mil 1 ki haɗa da etanol mil 9 a ƙaramar kwalba, daga wannan ne za ki dinga ɗiga wa haɗinki ɗigo-ɗigo, kina tsoma 'yar takarda kina shinshinawa bayan minti ɗaya ko biyu, ba nan take ba don a farko yana da hawa kai. Aikinsa kawai ya buɗe turare a fesawar farko, a digiri 77 na ma'aunin Celsius yake tafasa shi ya sa yake saurin tashi, in kina neman abin da zai kama kaya ya kwana to ba shi ba ne, wannan aikin su miski ne da sandal. Kuma in ya yi yawa yana busar da fata.

To 'yar uwa maganar wuta, don Allah ki kula. Mu da aikinmu ba ya rabuwa da garwashi, ga suyar farcen haɗa turare ga turaren wuta a kasko, shi kuwa wannan ruwan ko a cikin sanyin hunturu tururinsa yana kamawa, kuma ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi har ya kai wurin murhu ke ba ki gani ba. Ranar da za ki yi aiki da shi a kashe wuta gaba ɗaya, a buɗe tagogi, yara su fita waje.

Wajen ajiya kwalbar gilashi mai murfi da ke rufuwa gam, a inuwa, don yana narkar da wasu robobin. Kar ruwa ya shiga ciki, a hankali yake lalata shi, in kin buɗe kin ji tsamin khal ya fito to kar ki sa shi a turaren sayarwa.