Yadda Cibiyar Bincike Za Ta Shigar da Jama'a Cikin Aikin Kimiyya

Cibiyar binciken da ke son manoma, masunta, ɗalibai da malaman makaranta su riƙa tattara mata bayanai, ya kamata ta fara da tambayar da ma'aikatanta ba za su iya amsawa su kaɗai ba. Haka cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos ta yi a shekarar 2015, lokacin da ta soma aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wato taswirar da ke nuna inda ake samun kowane irin tsuntsu, domin babu tawagar masana da za ta iya karaɗe ƙasar nan lungu da saƙo.

Bayan tambaya sai ƙa'idar aiki, wadda dole ta zama mai sauƙin da mutum zai riƙe ta a ka. A aikin taswirar, an raba ƙasa gida-gida a kan taswira, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsawo da faɗi, mai aikin sa kai kuma zai shafe aƙalla awa 2 a gida guda cikin kwanakin da ba su wuce 5 ba, yana shigar da duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa a manhajar BirdLasser. An aro wannan tsari ne daga Afirka ta Kudu, inda ake amfani da shi tun 2007, kuma aron ya fi ƙirƙirar sabo, tunda yana ba da damar kwatanta sakamako tsakanin ƙasashe.

Inda cibiyoyi suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ɗora aikin a kan malamin da karantarwa da duba jarrabawa suka riga suka sha masa kai. A ware ma'aikaci guda mai albashi wanda ba shi da wani aiki sai kula da masu sa kai: ya horar da su, ya amsa kiransu, ya san wanda ya kwana biyu bai turo komai ba. A sa kuɗin mota, kuɗin data da na'urorin hangen nesa a cikin kasafi tun farko, domin mutum na iya ba da lokacinsa kyauta, amma bai dace a bar shi yana cin bashi don ya yi wa jami'a aiki ba. Haka kuma kwamitin ƙarin girma ya lissafa wannan wahala, in ba haka ba matasan malamai za su guje ta.

Tantance bayanai yana buƙatar haƙuri da ladabi. Wanda ya rubuta "balbela" yana iya nufin fararen tsuntsaye iri daban-daban, don haka a tanadi hotuna tare da sunayen da mutanen yankin ke kira. Idan wani ya ce ya ga shamuwa a tsakiyar hunturu, alhali an san da damina take zuwa, kada a goge bayanin a ɓoye. A kira shi, a nemi hoto ko ƙarin bayani, wataƙila kuskure ne, wataƙila kuma shi ne abin da ake nema. Misali, wata malamar makaranta 'yar ƙasar Holand, Hanny van Arkel, ta hango wani baƙon abu a hotunan sararin samaniya na shirin Galaxy Zoo, inda masu sa kai ke taya masana duba hotunan, a 2007, aka sa masa sunanta, aka kuma sa ta cikin marubutan takardar binciken.

Kafin kowa ya shiga daji ko fadama da na'urar hangen nesa a wuya, a gaida dagaci ko mai unguwa, a ba mai sa kai takardar shaida, saboda halin tsaron da ake ciki. A kuma rubuta tun farko wanda zai mallaki bayanan da wanda zai iya ganinsu. Idan sakamako ya fito, a koma garuruwan da aka yi aikin da taswirar a hannu, a yi bayani da harshensu, a nuna wa kowa gidan da ya cike da kuma gidajen da suka rage.