Bayan rantsuwar Peace Corps: inda sabbin 'yan sa-kai ke tuntuɓe

Peace Corps shiri ne na gwamnatin Amurka da ke tura 'yan sa-kai aiki a wasu ƙasashe. Ranar rantsuwa tana da daɗi. An gama horon kusan wata uku, kowa ya ɗinka kaya da atamfar ƙasar, an ɗaga hannun dama an maimaita kalmomin rantsuwa, galibi a gaban jakadan Amurka. Haka aka riƙa yi a Nijar daga 1962 har Janairun 2011, lokacin da aka kwashe 'yan sa-kai saboda matsalar tsaro, haka kuma ake yi a Ghana, wadda ta fara karɓarsu a 1961. 'Ya'yanmu masu takardar zama 'yan ƙasar Amurka na iya shiga, shi ya sa nake so su san abin da ke jiransu cikin shekara biyun da ke gaba.

Babban kuskure shi ne gaggawa. Yaro ya sauka ƙauye jiya, yau yana maganar kafa lambu da tara mata taro. Watanni ukun farko na zama ne da sauraro. Ka je gaida mai gari, ka gaida liman, ka zauna kan tabarma a wurin suna da ta'aziyya ko da rabin hirar na wuce ka. Wanda bai tambaye ka gajiya da gida ba, ba zai bar gonarsa ya zo taronka ba.

Sai alkawari, wanda ya fi damuna. Dattijo zai nuna maka rijiyar da ta ƙafe, kai kuma don kunya ka ce "zan duba". A kunnensa an gama magana, kafin magariba gari ya ɗauka cewa baƙo zai haƙa rijiya. Kuɗin da ake ba ka na abinci da sabulu ne kawai. Faɗi gaskiya tun ranar: "Baba, ba kuɗi na kawo ba, aiki na zo mu yi tare."

Cin jarrabawar baka ta lokacin horo ma ba iya harshe ba ne. Hausa ko Zabarmancin da aka koya a Hamdallaye, inda ake horo a da kusa da Yamai, ya isa ciniki a kasuwa, amma tsohuwa a bakin murhu ba ta rage gudu. Nemi malami a garin tun makon farko. Kai da ka sha Hausa a nono, kada ka saki jiki, ana iya tura ka inda ba a jin ko kalma ɗaya.

Gidan da ya riƙe ka lokacin horo kuma, kada ka ɗauke ƙafa. Kira su, in hanya ta biyo da kai ka leƙa da ɗan goro.